Sashen binciken gawa: yadda muka kwashe da su ranar rasuwar ƙanena

Ƙanena direba ne. Muna dawowa daga Funtuwa da dare 'yan fashi suka buɗe mana wuta bayan Giwa, harsashi ya same shi a wuya ta hagu. Ina gefensa. Na danne wurin da hulata, amma kafin mu shigo Zariya rai ya yi halinsa.

Da 'yan sanda suka ce sai an yi binciken gawa, tirjewa na yi, don mun saba a gaggauta sutura. Kawu ne ya lallashe ni muka tafi wani asibiti a nan garin.

Jiran ya yi yawa, wannan ba zan ɓoye ba. Tun hantsi har la'asar muna tsaye a bakin mutuware ana neman mai sa hannu a takarda, ko benci babu, ma'aikacin ƙofa kuma yana yi wa masu makoki tsawa. Ya kamata a gyara.

Likitan kuwa, Allah ya saka masa da alheri. Da ya gama sai ya zaunar da ni, ya zana wuya a bayan wata takarda. Ya ce wuri ne ƙarami da ya tara hanyoyin rai: manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, waɗanda ke dawo da shi zuciya, maƙogwaro, da lakar da ta ratsa ƙasusuwa 7. In harsashi ya tsinke laka ta sama, numfashi tsayawa yake nan take. In jijiyar dawowa ce ta ɓule, iska kan shiga ta toshe zuciya. Na ƙanena, jijiya mai kai jini ce ta tsinke, maƙogwaro ya huje, jinin ya gangara huhu.

Na ce, "Likita, da na danne da kyau fa?"

Ya ce, "Malam, ta ciki jinin yake zuba, inda hannu ba ya kaiwa. Kuma cikin daƙiƙu hankalinsa ya gushe."

Sun ɗinke wurin tsaf, masu wanka ba su sha wuya ba. Bayan magariba muka kai shi makwancinsa.

Da daddare Inna ta kira ni ɗakinta, tambayarta ɗaya ce, ko ya daɗe yana jin zafi. Na ciro takardar likitan daga aljihu na nuna mata zanen.