Ido ko Ruwan Sabulu: Neman Yoyo a Injin Jirgin Sama Mai Turbo

Injin jirgin sama mai turbo, wato na'urar da hayaƙin salansa ke juyawa don tura ƙarin iska cikin inji, hanyoyi biyu ake bi a gano inda yake yoyon iska ko hayaƙi, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Duba da ido ya fi sauƙi. A cire murfin inji, a haska tocila. Yoyon salansa yakan bar toka-toka ko baƙin tabo a gefen tsagar, saboda dalmar da ke cikin man jirgi da ake kira 100LL. A bututun shigar iska kuwa shuɗi ake nema, launin man ke nan. Sai dai abin da ya ɓuya bayan turbo ɗin, ko ƙarƙashin maɗaurin V-band, wato zoben ƙarfen da ke ɗaure bututun salansa da turbo, ido ba ya kai masa.

Ni dai na fi yarda da hura iska. Sai injin ya huce, a toshe bakin salansa, a hura iska mai tsabta kaɗan-kaɗan, sannan a fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Inda kumfa ta taso, nan matsalar take. Amma fa a kula: mahaɗun da ke zamewa cikin juna kan yi 'yar kumfa idan suna sanyi, sai sun ɗau zafi su matse, wannan ba laifi ba ne. Kumfar da ta fito daga walda kuwa, jirgin ba zai tashi ba sai an gyara, domin hayaƙin yana iya haura digiri 800 na Salshiyas, ga gubar kabon monoksaid mai shiga ɗakin matuƙi ba wari.