Sati uku a Hague ko zaman cemba a Abuja?

Ƙanwata tana aji huɗu a lauya, ta ce ko ta tafi kwas ɗin bazara na Hague a ƙasar Holan, ko ta zauna nan Abuja ta shiga cembar wani babban lauya, wato ofishinsa, a Wuse.

Na Hague ɗin dai ba wasa ba ne gaskiya, makarantar da ke ba da kwas ɗin, Hague Academy of International Law, tun 1923 take koyar da dokar ƙasa da ƙasa, kuma harabarsu ɗaya da Kotun Duniya, lacca da Turanci da Faransanci, ka haɗu da ɗalibai daga ko'ina. Amma fa sati uku ne kacal, ga biza ga tikiti ga kuɗin ɗaki da Yuro, kuma takardar halarta za a ba ki ba digiri ba, sai kin je makarantar horar da lauyoyi ta Najeriya dai, mai hedikwata a Bwari, kafin a kira ki lauya.

Cemba kuwa kuɗin mota ne kawai, za ki koyi rubuta takardun ƙara da shigar da su rajistara. Matsalar ɗaya, watan Agusta manyan kotuna suna hutu, sai shari'o'in gaggawa.

Ni dai na ce mata in ba tallafi ta samu ba, ta zauna Wuse.