Kafin ka kashe kuɗi a kan kibod na Odiya

Wani ɗalibi ɗan uwanmu da ya fara koyon yaren Odiya a birnin Bhubaneswar na jihar Odisha a Indiya ya tambaye ni wane kibod zai saya wa kwamfutarsa ta tebur. Na ce masa ya mayar da kuɗinsa aljihu tukuna, ya fara zaɓar tsarin da zai riƙa bugawa da shi. Sai an san wannan za a san ko akwai ma abin saye.

Kada sunan ya ruɗa ka wajen nema. A 2011 Indiya ta mayar da sunan jihar Odisha maimakon Orissa, yaren kuma Odia maimakon Oriya, don haka wata kwamfutar za ta nuna maka wannan suna, wata kuma wancan.

Tsari na farko shi ne InScript, wanda hukumar ƙa'idoji ta Indiya ta tabbatar tun 1991. Wasula na hannun hagu, baƙaƙe na hannun dama, kuma ba ruwansa da harafin bokon da ke jikin maɓalli. In ka danna K ka ga କ kada ka yi murna, dace ne kawai, domin J ce ke fitar da ର, H kuma ପ. Maɓallin D shi ke kashe wasalin da kowane baƙin Odiya ke ɗauke da shi, ya ɗaure baƙin da na gabansa. Akwai ma abin da zai sa ka zaci kwamfutar ta samu matsala: ka buga K sannan S, sai alamar wasalin ta yi tsalle ta koma hagun baƙin, କେ. Haka rubutun yake. Makonnin farko akwai wuya, amma da zarar yatsu sun saba, harafin da ka nufa shi ke fitowa, kuma jeri ɗaya ne da na Hindi da Bangali.

Na biyu mai bin sauti ne. Ka rubuta kalmar da boko, kwamfuta ta kawo maka zaɓi cikin rubutun Odiya. Windows 10 ta shigo da shi a 2019. Daɗin farawa gare shi, sai dai Odiya na da baƙaƙen da boko ba ya rarrabewa: ଶ da ଷ da ସ duk "s" ne a wurinsa, haka ଲ da ଳ. Duk wanda waya ta taɓa mayar masa da ƙafa kafa ya san wannan ciwo. Ni dai a ganina, mai tura gajerun saƙonni ya ɗauki wannan, mai shirin buga takardu kullum ya daure wa InScript.

Sauyawa tsakanin harsuna ba ta cin ko rupi ɗaya. A Windows ka ƙara Odiya a sashen harshe na saituna, sannan ka riƙe maɓallin Windows ka danna dogon maɓallin tazara. A Ubuntu ma haka ne, sai dai in kana son tsarin sauti za ka sauke ƙarin m17n na IBus, manhajar shigar da rubutu ta Ubuntu. A Mac kuwa Control ne da tazara. Shawarata ga mai Windows: ka kashe tsohuwar hanyar Alt da Shift. Na taɓa shafe minti goma ina buga kalmar sirri tana ƙi, ashe yatsana ne ya goga su, Odiya nake ta zubawa a ɓoye.

Tsofaffin manhajojin ɗab'i irin su Akruti da Shree-Lipi kuwa, kada ka saya sai in aikin buga littattafai ya tilasta maka. Tsofaffin haruffansu ba na Unicode ba ne, wato ƙa'idar haruffa da kwamfutoci suka yi tarayya a kanta, in ka tura rubutun ga wanda ba shi da su, tarkacen boko zai gani. Haruffan Nirmala UI na Windows ko na Noto Sans Oriya sun wadatar.

Ɗalibin nan InScript ya zaɓa a ƙarshe. Kibod mai haruffan Odiya a jiki yana da wuyar samu a wajen Indiya, shi kuma gida zai dawo, sai ya sayi sitika masu garai-garai ya manna a kan tsohon nasa, bokon na lekowa ta ƙasa.