Sharhi kan FreeFileSync: yadda nake kwashe kayan wayata zuwa kwamfuta ba tare da wani abu ya salwanta ba

Duk wanda wayarsa ta cika da karatu da hotuna, kuma yana da kwamfuta ko da tsohuwa ce, ina ba shi shawarar ya nemi manhajar kwamfuta mai suna FreeFileSync. Kyauta ce, tun 2008 take, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma da zarar an sauke ta ba ta ƙara cin data wajen haɗa waya da kwamfuta. Tun da na fara amfani da ita ban nemi wani fayil na rasa ba. Sai dai akwai sharaɗi: mutum ya san wane tsari zai zaɓa kafin ya danna komai, domin manhajar da ke iya adana maka kaya ita ce kuma ke iya share su idan ka umarce ta.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. Abin da ke wayata shi ne abin da ke wayar yawancinmu: tafsirin azumi, karatun zaure da nake naɗa bayan magariba, hotunan biki da suna, saƙonnin murya na ’yan uwa da ke ci-rani. Tafsirin manyan malamai ko ya ɓata za ka samu wajen masu tura karatu ranar Alhamis a kasuwar Maigatari. Amma muryar malamin unguwarku, wanda babu mai naɗar karatunsa sai kai, idan ta tafi ta tafi ke nan. Google na ba da giga 15 kyauta, gaskiya ne, to amma da wane sabis za ka ɗora su, kuma da kuɗin data nawa? Mu nan kebul ya fi mana sauƙi.

Aikinta ba shi da wuyar ganewa. Ka jona wayar Android da kebul, ka buɗe makullin allonta, ka sauya ta daga caji zuwa tura fayil. Idan kwamfuta ba ta ga wayar ba, fara zargin kebul ɗin, don da yawa cikin na kasuwa caji kawai suke yi. A cikin manhajar akwai ɓangare biyu: hagu ka zaɓi foldar waya, dama ka zaɓi foldar kwamfuta. Sai ka danna Compare, ko F5. A nan ba ta taɓa komai. Jerawa kawai take yi ta nuna maka abin da ke nan babu shi can, da kibiya a gaban kowane fayil, sannan a ƙasa ta rubuta adadin waɗanda za a kwafa, waɗanda za a sabunta, da waɗanda za a goge. Sai ka gamsu ka danna Synchronize, wato maɓallin da ke sa ta aiwatar da aikin.

Wannan nunin kafin aiki shi ya sa na amince da ita. Baffana ya kawo mini wayarsa memori ya cika, ya zauna a kan tabarma yana kallon hannuna, ya ce, “Ɗan nan, ka dai bi a hankali, akwai karatun marigayi Liman a ciki.” Na juyo masa da allon na ce, “Baffa ku duba nan, wajen gogewa sifili ne. Babu abin da zai fita daga wayarku.” Sai da muka gama na kunna masa karatun daga kwamfuta, ya saurara har ƙarshen babin, sannan ya yarda a rage na wayar.

Manyan tsare-tsaren aikin iri uku ne, kuma a nan ne ake samu ko a rasa. Mirror yana mayar da dama ta zama daidai da hagu sak. Duk abin da babu shi a hagu za a share shi a dama. Ka ga ke nan idan ka rage hotuna a waya don samun wuri, sannan ka yi Mirror, na kwamfutar ma sun tafi. Two way kuwa yana bin canjin kowane ɓangare ya kai ɗayan, har da gogewa. Yana ajiye wani ɗan fayil mai suna sync.ffs_db da yake tuna yadda ya bar foldar. Yana da amfani ga mai aikin ofis da ke gyara takarda nan da can, amma ga wayar da yara ke ɗauka su yi ta danne-danne, ban ga hikimarsa ba. Yaro ya goge folda, kai kuma ka jona ka danna ba ka duba ba, shi ke nan.

Ni Update nake amfani da shi, daga waya zuwa kwamfuta. Yana kwafar sabo da wanda aka sabunta, ba ya goge komai. Kwamfutar ta zama rumbu, wayar kuma kwaryar awo: ana ɗebowa daga rumbu a zuba a kwarya gwargwadon bukata, amma don kwarya ta kife ba a cewa rumbu ya ragu. Idan ina son mayar da wani karatu cikin waya, akwai folda guda da na ware don haka, ita kaɗai ke tafiya daga kwamfuta zuwa waya.

Akwai saiti ɗaya da nake roƙon kowa ya kunna, wato Versioning. Kana nuna mata wata folda a kwamfuta, duk fayil ɗin da za a goge ko a rubuta wani a kansa sai ta kai tsohon can ta ajiye, har da kwanan wata idan ka zaɓi haka. Muhimmancinsa shi ne abin da aka goge a waya ta hanyar kebul ba ya shiga kwandon shara na Windows. Kuma yakan faru fayil biyu su zo da suna ɗaya alhali abin cikinsu daban, musamman naɗin murya daga wayoyi mabambanta. Shi ya sa ma kowace waya a gidanmu da foldarta.

Kada a manta da WhatsApp. Tun daga Android 11 kayansa sun koma cikin Android/media/com.whatsapp, don haka wanda ya kwafi DCIM, foldar hotunan kyamara, kawai ya bar saƙonnin murya da karatun da aka turo masa a baya.

Inda take gajiyar da mutum kuwa, yawanci daga hanyar haɗin ne, wato MTP, wadda wayoyin Android ke magana da kwamfuta da ita. Tana da nawa, musamman idan ƙananan fayiloli sun kai dubbai. Karon farko ka tabbata batirin kwamfuta ya cika ko rana na kan sola. Idan kayan a memori suke, ciro shi ka sa a abin karanta memori, ya fi sauri nesa ba kusa ba. Haka nan lokacin da ke jikin fayil ba ya zama daidai a wasu wayoyin, sai ka ga tana son sake kwafar abin da ta riga ta kwafa. Maganinsa ka sauya kwatancen ya koma na girman fayil kaɗai. Memorin da aka yi wa fomat da tsarin da ake kira FAT32 kuma ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 4, sai a kula da dogon bidiyon biki. Sannan rubutun manhajar ni da Turanci nake karanta shi, kuma tagar farko cike take da alamomi. Wanda bai saba ba yana bukatar a zauna da shi sau ɗaya a saita masa, a adana saitin, daga nan danna biyu ne kawai.

Masu iPhone su sani hotuna da bidiyon kyamara kawai kwamfuta ke gani ta wannan hanya. Sauti sai ta manhajar Apple, kuma waya da ma’ajiyar kwamfuta ɗaya take haɗuwa. Idan aka jona ta da wata aka ga Erase and Sync, wato a goge na wayar a zuba na kwamfutar, kada a danna sai an tabbata akwai kwafin sautin a wani wuri.

Lambobin waya da saƙonnin tes ba sa cikin abin da FreeFileSync ke ɗauka, don ba fayiloli ba ne a fili. Lambobi sai ka shiga wajensu ka fitar da su a matsayin fayil na .vcf, ka ajiye shi a foldar da ake kwafa, ka riƙa sabunta shi duk lokacin da ka ƙara mutane.