Injin samar da wuta daga ruwa mai wat 1,000: abin da na gani bayan damina biyu

Ni mutumin Nguroje ne, a kan tsaunin Mambila, kuma ina da ɗan shagon cajin waya da sayar da lemo. Kuɗin fetur ne ya kore ni daga janareto. Sola kuma a nan sai a hankali, don da damina hazo da gajimare kan wuni ba su ɗaga ba. Abin da muke da shi a wadace shi ne ruwa mai gangarowa. Na taɓa zuwa Kakara na ga tashar madatsar Tunga mai kilowat 400 da ke ba kamfanin shayi wuta, na ce ai rafin bayan gonarmu ma ba zai rasa abin da zai ba ni ba.

Injin da na saya ɗan Sin ne, bai fi girman tukunyar biki ba. Ruwa na fitowa da ƙarfi ta bakin tiyo ya bugi wata ƙafa mai cokula a jere, ita kuma ta juya janareton da ke samanta. Mai shagon da ya aiko min da shi ya ce, "Alhaji, wat dubu cif, dare da rana." Bai tambaye ni ko rafin nawa yaya yake ba, ni ma wautata ban tambaye shi komai ba.

A nan gizo ke saƙa. Wutar da za ka samu ta dogara ne ga tsayin gangaren da yawan ruwan. Nawa gangaren mita 15 ne. A watan Agusta bokitin fenti mai lita 20 kan cika cikin daƙiƙa 2, sai in samu wajen wat 700: firji, kwan fitila 8, talabijin, da wayoyi birjik a kan tebur. A watan Maris bokitin nan sai ya ɗauki daƙiƙa 6, wutar ta dawo wat 200 da ɗoriya, firji ya zama kabad. Duk mai son saye, ya auna rafinsa a tsakiyar rani kafin ya tura ko kobo.

Bututu ya ci min kuɗi fiye da injin kansa, don sai da na binne shi saboda kofaton shanu. Waya ma haka. Na fara da siririya don tsimi, kafin wuta ta iso shago ta raunana, dole na sake.

Ɓarnar da ta fi ba ni haushi ta makon farko ce. Ba a sa min na'urar daidaita wuta a cikin kwalin ba. Da dare na kashe firji da talabijin, injin ya rasa nauyi ya ƙara gudu, kwan fitila 5 suka tashi aiki lokaci guda. Ƙanena ne ya gano maganin. "Yaya, a haɗa masa hita ya riƙa zuba rarar wutar a ciki." Yanzu rarar tana dafa mana ruwan wanka, wanda a sanyin Mambila ba ƙaramar kyauta ba ce.

Kullum da safe sai an je an kwashe ganyen turare daga ragar bakin bututu, in an yi ruwan sama kuma a yashe ramin da yashi ke kwanciya, in ba haka ba ya cinye cokulan. Na canza wa injin boris sau ɗaya, irin na babur ya shiga daidai.

Na ba injin maki 4 cikin 5, mai shagon da ya sayar min kuma 1. Maƙwabcina ya zo da nasa bokitin jiya, amma na ce ya bari sai Maris.