Na'urar rage gudun moto da na sa wa injin kwaɓa fulawa: wata bakwai ke nan

Gidan burodinmu a Aboabo yake, nan Kumasi, kuma wutar da ke shigo mana fes ɗaya ce. Moton da na tsinto a kasuwar kayan injuna ta Suame Magazine kuwa na fes uku ne, kilowat 2.2. Shi ya sa na sayi VFD, wadda masu shago ke kira inbata, na'urar da ke mayar da wutar fes ɗaya ta zama fes uku, ta kuma rage gudun moto. 

Ranar da mai gyaran wuta ya haɗa, gaskiya na yi murna. Tsohon motonmu idan aka tayar da shi sai ƙwayayen wutar gidan su yi duhu, bel ya yi ƙara, don a tashin farko moto yana jan wuta ninki biyar zuwa bakwai. Wannan kuwa a hankali ya ɗauka, kamar mai tashi daga barci, ko ƙifta ido fitila ba ta yi ba. Malamin ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Wutar Ghana sau 50 take jujjuyawa a daƙiƙa, gudun moto kuma da wannan yake tafiya, shi ya sa aka rubuta juyi 1440 a minti a jikin nawa. Na'urar tana karɓar wutar ta mayar da ita irin ta batir, ta tara a wata ma'ajiyar wuta da ake kira kafasita, sannan ta yayyanka ta da sauri ta fito da sabuwa a adadin da ka zaɓa, ta kuma rage ƙarfin wutar daidai da haka. Ka murza zuwa 25, gudu ya rabu biyu. Fulawar da a da take tashi ta rufe mana fuska a farkon kwaɓi, yanzu luf take kwanciya.

Da a watan farko na rubuta wannan, yabo kawai za ku karanta.

Sai azumi ya zo, aiki ya ninka. Yarona ya gano cewa a 15 ƙullun yana haɗuwa da kyau, sai ya bar shi a nan, buhu bayan buhu, tun bayan asham. Wajen ƙarfe biyu na dare na ji wari kamar na roba a wuta. Na kai hannu jikin moton, na fizge da sauri. Kafin in kashe hayaƙi ya fara fitowa ta baya, ga ƙullu rabi a cikin tukunya, ga masu shayi suna jiran burodin sahur. Da hannu muka ƙarasa, ni da yara uku, har kafaɗata ta kwana biyu tana ciwo.

Da safe malamin ya cire murfin bayan moton ya nuna mini fankar roba, fulawa ta daskare a fikafikanta. Ya ce, "Alhaji, wannan fanka a kan sandar moton take. Ka rage gudu, ita ma ta rage, nauyin ƙullu kuwa yana nan, wutar da yake ja ba ta ragu ba. Ina iskar da za ta sanyaya shi?" Sannan ya duba saitin ya tarar adadin amfiyar da ke ciki, wato iyakar wutar da moto zai ja, na moto ne wanda ya fi nawa girma, shi ya sa na'urar ba ta yanke wuta ba. Ya amsa cewa shi ma da laifinsa.

Amma mai shagon ne ya fi ɓata mini rai. Na gaya masa injin kwaɓi ne, na gaya masa a hankali nake so ya riƙa juyawa. Maganar fanka ko sau ɗaya bai yi ba. Takardar da ke cikin kwalin ma rubutunta ƙanana kamar ƙwayar gero, shafin saitin a yage. Da na koma sai ya ce ai kayansa lafiya lau yake aiki.

An sake naɗa koyil, wato wayar cikin moton da ta ƙone, an ɗaura wa moton fanka daban mai wutarta, na hana a sauka ƙasa da 30. Duk Juma'a muna hure ƙurar fulawa, bayan an kashe an jira minti goma, domin kafasita tana riƙe wuta. Zan sake sayen irinta idan na ƙara inji, amma shagon nan ba zai sake ganin sidina ba.