Na biya kuɗi an tace min labari, ga yadda muka kwashe da editan

Salam 'yan uwa marubuta. Tun watan jiya wasu ke ta bina da tambaya a kan editan nan da na ba gajeren labarina ya tace min, wai shin ya ci kuɗinsa ko kuwa asara na yi, to yau dai na samu sarari bari in faɗi abin da na gani da idona. Ba zan kama sunansa ba saboda akwai inda zan yi ƙorafi.

Ni dai na kai shekara huɗu ina rubutu a WhatsApp da Wattpad, feji-feji, in yi taifin da daddare in saki da safe, masu karatu su yi ta zuba min "Allah ƙara basira", "a ci gaba dan Allah", kuma wallahi ina jin daɗin hakan amma babu mai ce miki nan wurin bai yi ba. Sai da na yi niyyar shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ita kuma kalma 1,000 zuwa 1,500 ake so, nawa labarin kuwa ya kusa 3,000 kuma duk layin da na kalla sai in ji ba zan iya rabuwa da shi ba. Shi ya sa na nemi mutumin.

Tsarinsa mai sauƙi ne, ki tura labarin a Word, yana cajin kuɗi gwargwadon yawan kalmomi, rabi kafin ya fara rabi in ya gama, sai ya dawo miki da fayil ɗin duk inda ya taɓa da jan rubutu, ya haɗa da saƙon murya yana bayani.

Abu na farko da ya tambaye ni shi ne, "Malama, a ina labarin nan ya fara?" Na ce Malam ai daga layin farko. Ya ce a'a sake dubawa. Aikuwa da na duba sai na ga shafi ɗaya da rabi na kwashe ina siffanta unguwa da gida da yarinyar, fara sol, dara-daran idanu, gashi har gadon baya, irin dai wadda kowa ya sani, alhali ainihin labarin yana farawa ne a wurin da ta dawo daga makaranta ta tarar babanta ya sayar da keken ɗinkin mahaifiyarta da ta rasu. Ya ce daga nan za ki fara, kamanninta kuma in labarin bai buƙace su ba ki bar mai karatu ya zana abarsa. Kalma wajen 600 suka tafi a nan kaɗai kuma babu abin da ya ragu a labarin.

Wurin da ya fi taɓa ni kuma shi ne inda na rubuta "ta shiga matsanancin baƙin ciki, hawaye masu zafi suka zubo mata". Ya ja layi a ƙarƙashi ya rubuta: me ta yi da hannunta? Kwana biyu ina juya tambayar nan a raina. Daga ƙarshe na sa ta ɗauki tsintsiya ta fara sharar ɗakin, da ta zo inda keken yake tsayawa ta ga tabon ƙafafunsa guda huɗu a siminti sai ta kewaye wurin ba ta share ba. Ban sa hawaye ko ɗaya ba. Ƙanwata da na karanta mata ita ce ta yi kukan. Gaskiya ko wannan kaɗai ya koya min na ci riba, don yanzu duk inda na kama kaina zan rubuta "ta ji wani iri" sai in tsaya in tambayi kaina me ta yi. Ya kuma ƙirga min "ta sauke ajiyar zuciya" sau tara a labari ɗaya, ya bar guda.

Sai ƙa'idojin rubutu, nan kam jan ya yi yawa. Ina haɗe "tace" da "zata" alhali "ta ce" da "za ta" ne, ina raba "ya na" alhali "yana" ne. Ya nuna min bambancin "akan yi" da "a kan tebur", da "sai da ta zo" da "saida kaya". Haruffa masu lanƙwasa kuwa ya ce ba ado ba ne, don baki daban baƙi daban, kasa daban ƙasa daban, kuma shi ya sa na saita Hausa a Gboard, manhajar kibod ta waya, na daina kawo uzurin waya.

To yanzu ƙorafina. Na farko lokaci, ya ce kwana biyar, sai da aka yi sati biyu, in na yi magana sai washegari ya amsa, ga ranar rufe gasa tana matsowa hankalina duk a tashe. Wanda ke karɓar kuɗin mutane ya kamata in aiki ya yi masa yawa ya faɗa tun farko.

Na biyu shi ya fi ci min rai. Akwai kakar yarinyar a labarin, mutuniyar Zamfara ce, na sa ta magana yadda tawa kakar take yi, "mi kaka hwaɗi", "ɗiyata", shi kuma ya bi duk ya mayar da su "me kake faɗa", "'yata", wai Daidaitacciyar Hausa. Na yarda a bakin mai ba da labari a bi daidaitacciya, wadda dama a kan Kananci aka fi gina ta, amma tsohuwar da ba ta taɓa barin ƙauyensu ba don me za ta yi magana kamar mai karanta labarai a rediyo? Da ya gyara ta sai ta zama ba kowa ba, muryarta ta yi daidai da ta jikarta da ta babanta. Na ce Malam wannan kam ban yarda ba, muka ɗan ja, daga baya ya ce labarinki ne, amma a rage yadda Bakano ma zai gane. A nan muka tsaya, na mayar mata da harshenta a wurare huɗu.

Wa zan ba shawarar ya je wurinsa? Mai gajeren labari da zai iya jure a yanke masa rabi. In dogon nobel ne irin namu mai feji ɗari da wani abu kuɗin zai yi nauyi sosai, gara ki kai masa babi biyun farko, ki kwashi darasin ki bi ragowar da kanki. Kuma kafin ki tura ki ajiye rubutun kwana uku ki karanta shi da ƙarfi kunnenki na ji, don kada ki biya kuɗi a cire miki abin da ke ma za ki iya gani.

Labarin ya tsaya a kalma 1,430 na tura shi saura kwana biyu a rufe. Babin farko na sabon littafina yana wurinsa yanzu, amma wannan karon sai da muka yi a rubuce: kwana bakwai, kuma maganar da ke bakin taurarin labarin kada ya canza sai ya tambaye ni.